Tambayi Kawu: Ƙarafan nan da ke wasa da ruwa a Basel

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun ranar da na saka ɗan bidiyon nan na ƙarafan da ke watsa wa junansu ruwa a tsakiyar wani gari na Turai wayata ba ta huta ba, har uwargida ta ce ko dai in kashe data ko in koma zaure da kwana. Wasu sun ce haɗin kwamfuta ne, wani yaro daga Bunza kuwa rantsuwa ya yi min wai aikin aljanu ne. Toh ba ko ɗaya, da idona na gani, da wayata na ɗauka, hular da na sa ranar ma shaida ce don ta sha ruwa. Na tsamo tambayoyi shida daga cikin tulin da kuka turo, masu tambaya kan taki da irin shinkafa ku yi haƙuri sai mako mai zuwa.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni ɗalibi ne ɗan Gwandu, Allah ya sa an ɗauke ni wani kwas na wata uku a kudancin Jamus, abokina ya ce min garin da ka ɗauki bidiyon nan ba nisa da inda za mu zauna. Dan Allah ina ne wurin takamaimai, nawa ake biya, kuma tsakani da Allah ya kai mutum ya kashe kuɗin jirgin ƙasa don ya je kallon ƙarfe?

AMSA: Lafiya lau ɗana, Allah ya sa a je a sa'a a dawo lafiya. Garin sunansa Basel, a ƙasar Suwizalan yake, bakin kogin Rayin, daidai inda iyakar ƙasa uku ta haɗu wato Suwizalan da Jamus da Faransa, kusan kamar yadda Kamba take kusa da Nijar da Benin, sai dai su can taragon cikin gari ma yana tsallaka boda. Ni ma daga Jamus na shiga, lokacin da na je duba ɗan ƙanena da ke karatu can. Ka duba bizarka, in ta Shengen ce, wato wadda ke shigar da mutum ƙasashen Turai da dama, ta ishe ka, amma kar ka bar fasfo a ɗaki. Kuma ka sani Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, ba yuro suke ci ba, kuɗinsu da ake kira faran daban ne, kuma tsada gare su ba ta wasa ba, ni kofin shayi ɗaya na sha a wani shago kusa da wurin na yi kuskuren juya kuɗin zuwa naira a kaina, shayin nan bai ƙara min daɗi ba. Ka yi guzurin biredinka da ruwanka.

Jirgin da ya taso daga Jamus zai fara tsayawa a wata tasha da ake ce wa Badischer Bahnhof, wadda ta Jamusawa ce duk da tana cikin ƙasar Suwizalan, kar ka yi gaggawar sauka, in jirgin zai ƙarasa can ka bari sai babbar tashar Basel SBB. Daga nan tafiyar kamar minti goma ce a ƙasa, ka tambayi Theaterplatz ko ka ce Tinguely kawai, kowa ya sani. Za ka ga wata doguwar coci mai tsini, wurin yana gindinta. Ba ƙofa ba tikiti ba mai gadi, fili ne na kowa da kowa, ko sisi ba za ka biya ba.

Abin da za ka tarar shi ne wani faffaɗan kwarmi na ruwa mai baƙin daɓe, zurfinsa bai fi ya rufe maka idon sawu ba, a ciki an kakkafa injuna goma na baƙin ƙarfe kowanne da irin haukarsa. Wani yana kaɗa tiyo hagu da dama kamar mai ban ruwan albasa da ya sha rana, wani yana juyi yana fesawa sama, akwai mai ƙafafu sirara kamar gizo-gizo, akwai wani mai kamar rariya da yake nutsawa ya ɗago ruwan ya tsiyaye ya sake nutsawa, sai kuma wanda ya fi tsaya min a rai, wani ɗan tsugunne mai shebur da yake ta kwasar ruwa da sauri da sauri yana watsawa cikin ruwan da ya kwaso shi. Wallahi na fi minti ashirin a kansa ina jira in ga inda aikin zai kai shi. Ba inda ya kai shi. Tun 1977 yake wannan kwasar kuma har yau bai cika ko moɗa ba. Ina cikin wannan kallo ne iska ta juyo da feshin na kusa da shi ta wanke min hula da gaban riga, wata tsohuwa da ke zaune a gefe tana cin tuffa ta yi ta dariya, ni ma na taya ta don ba yadda zan yi.

Wanda ya ƙera su sunansa Jean Tinguely, in za ka faɗa ka ce Tangili za a gane. An haife shi a Fribourg a 1925, a Basel ya tashi, ya rasu a 1991. Da fari aikin ƙawata tagogin kanti ya koya, daga baya ya koma yawon bola yana tsintar ƙarafa, tsohuwar taya, kacar keke, motar lantarki mai ƙonanniyar waya, ya haɗa su su yi motsi. Mutumin nan tsokana ce sana'arsa, a 1960 ya haɗa wani ƙaton inji a harabar gidan adana zane-zane na birnin Niyok wanda aikinsa kawai shi ne ya farfasa kansa a gaban 'yan kallo, ya yi ta yi kusan rabin awa har wuta ta kama sai da 'yan kwana-kwana suka sa hannu. Kaga irin mutumin da muke magana.

Shi wannan fili da, dandamalin tsohon gidan wasan kwaikwayo na garin ne a wurin. An rushe gidan a 1975 bayan an gina sabo a gefe, sai ya tsinci wasu ƙarafan da ake ɗaga labule da juya kayan dandamali da su ya sa a cikin aikin, ya kafa injunan daidai inda 'yan wasa suke tsayawa a da. Shi ya sa in ka natsu za ka ga kamar suna magana da juna, wannan ya yi tsaki wancan ya mayar, wani yana ta surutu ba mai saurarensa. Kamfanin kantunan Migros ne ya biya kuɗin ya ba garin kyauta. Sunansa na asali ma Fasnachtsbrunnen, wato marmaron Fasnacht, bikin garin na shekara-shekara da ake farawa ƙarfe huɗu na asubar Litinin a yi awa 72 ana busa da kiɗa cikin shigar dodanni. Yadda muke ji da bikin kamun kifi na Argungu haka suke ji da shi, UNESCO ta sa namu a kundinta a 2016, nasu a 2017, mun riga su da shekara guda, wannan kuwa sai da na faɗa wa ɗan ƙanena ya faɗa wa abokansa.

Ko ya kai a kashe kuɗin jirgi? In kana nufin ka je ka tsaya minti biyu ka yi selfi ka juyo, a'a, riƙe kuɗinka, a hoto ƙarafa ne kawai masu kama da kayan 'yan gwangwan. Abin na zama ne. Ka samu dakali ka zauna rabin awa, ka saurari ƙarar, ƙiiii ƙaƙas fsss, ka kalli yara da ke zagaye suna ihu. In kuma da sauran kuɗi a aljihunka ka bi bakin kogi zuwa gidan tarihin da aka buɗe da sunansa a 1996, can ana biya, amma akwai manyan injuna da za ka taka wani maɓalli da ƙafa su tashi da ruri. In kwas ɗinku ya faɗo cikin hunturu kuma ka yi sa'a, don ɗan ƙanena ya turo min hoton wurin a Janairu, ruwan ya daskare a jikin ƙarafan sun zama kamar an lulluɓe su da farin rawani, wasu na ta ƙoƙarin motsi a cikin ƙanƙarar.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni mai walda ne nan Jega, shekarata goma sha ɗaya ina yin ƙyamare da gadaje da gyaran injin ban ruwa. Na kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin. Abin da ni ka son sani, mi ka juya su? Ruwan ne ka tura ƙarfen ko wuta ce? Kuma in mutum na son ya gwada ƙarami a ƙofar shago don jawo kwastoma, mi za ya nema?

AMSA: Maigida sannu da ƙoƙari, tambayarka ce ta fi min daɗi duk cikinsu, don tun ina tsaye a wurin ku nake tunawa. Ba ruwan ne ke tura su ba. Aiki biyu ne daban aka haɗa, famfo yana turo ruwa ta cikin tiyo, sannan kowane inji yana da 'yar motarsa ta lantarki mai ƙaramar wuta da ke motsa hannun da ke riƙe da tiyon ko shebur ɗin. Motar tana gudu da sauri, sai a rage gudun da bel da fuli, ƙaramin fuli a jikin mota babba a jikin wili, yadda dai kake gani a injin markaɗe. Sirrin gaba ɗaya yana wurin mayar da juyi ya koma kai-da-kawo, kuma wannan ba sai ka je Turai ba, leƙa ƙarƙashin keken ɗinki na telan da ke kusa da kai. A keke ƙafa tana taka feda sama da ƙasa, sanda ta kama wili a gefe ba a tsakiya ba, wili ya juya. Toh juya lissafin, mota ta juya wili, sandar da ka ɗaura a gefen wilin ta riƙa kai da kawo, duk abin da ka liƙa a bakin sandar nan, ludayi ne ko tiyo ko tsohuwar cebur, zai yi ta rawa. In ka matsar da inda sandar ta kama kusa da tsakiya rawar ta ƙanƙance, in ka kai ta baki ta yi faɗi. Shikenan fa. Abin da ya sa nasa ke ba da dariya shi ne da gangan bai daidaita su ba, ya bar su suna ɗingishi da karkarwa, kuma kowanne da nasa gudun, don haka ba sa taɓa maimaita haɗuwa iri ɗaya.

In za ka gwada, ga shawarata. Nemi motar waifa ta tsohuwar mota wurin 'yan gwangwan, ita da ma volt 12 take ci, da giyarta a ciki, a hankali take juyawa kuma tana da ƙarfi. Ƙaramin famfo na volt 12 shi ma ana samu wurin masu kayan sola. Faranti ɗaya na sola da batir ya ishe ka, rana kuwa Allah ya hore mana ita a Jega har ta yi yawa. Abin da nake roƙonka da girman Allah, kar ka kuskura ka ja wutar gida ta 220 ka kai ta bakin ruwan da yara za su taɓa, ko da ka naɗe wayar da salatif goma. Motar ka ɗaga ta sama da ruwa ka yi mata 'yar rumfa, bel ko kaca su sauko. Inda hannu zai iya shiga tsakanin kaca da haƙori ka rufe da raga, ka san yaranmu, abin da aka ce kar a taɓa shi za a fara taɓawa.

Kwarmin kar ya yi zurfi. Misali tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin santimita 20, lita 1,200 ke nan, duro shida na lita 200, ko jarka 48 ta lita 25. Don ƙofar shago ma wannan ya yi yawa, rabin duro da aka tsaga a kwance ya isa gwaji.

Amma fa ƙerawar ba ita ce wahalar ba, na san kafin Juma'a biyu ka gama. Wahalar tana zuwa bayan wata uku. Ƙarfe da ruwa ba sa shiri, tsatsa za ta ci shi in ba ka yi masa fenti mai kyau ba kana sabuntawa, boris zai sha ruwa ya kama, ƙurar hunturu za ta taru ta zama laka ta toshe bakin famfo, gansakuka ta mayar da ruwan kore. Sai ka sa raga a bakin famfo kana wankewa, giris duk mako, ruwa a canza. Ni abin da ya ɗaure min kai a Basel ba dabarar ba ce, don na ga masu gyaran injin ban ruwa a fadamar Argungu suna tayar da injin da kamfanin da ya yi shi ma ya manta da shi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne mai aikin ya rasu tun 1991 amma har gobe akwai wanda aikinsa ne ya zo ya duba bel ya sa mai ya kwashe ganye. Mu kuwa ka zagaya shataletalen garuruwanmu ka ƙirga famfunan ado nawa aka ƙaddamar da tafi da kiɗa, yanzu awaki ke kwana a ciki da ledar fiya wata. In ka yi naka ka turo min bidiyo, amma ba na ranar farko nake so ba, na bayan wata shida.

TAMBAYA: Malam Kawu, ni uwa ce mai 'ya'ya biyar nan Argungu. Gaskiya ban ji daɗin bidiyon nan ba. Mu nan kullum sai mun sayi ruwa wurin 'yan garuwa, jarka ta yi tsada, kai kuma kana nuna muna inda ake wasa da ruwa ana zubarwa. Wannan ba almubazzaranci ba ne?

AMSA: Hajiya Allah ya huci zuciyarki, kuma ban ga laifinki ba, wanda ya sayi ruwa da kuɗinsa dole ya ji zafin ganin ana watsa shi sama. Amma bari in gyara abu ɗaya, ba zubarwa ake ba. Ruwan da ya fita bakin tiyo cikin kwarmin yake komawa, famfo ya sake jan sa ya sake turowa, ruwa ɗaya ne ke ta zagaye, abin da ake ƙarawa shi ne wanda iska ta ɗauka da wanda rana ta shanye. Kuma garin nasu a kan babban kogi yake, ga ruwan sama kusan kowane wata, ga sanyi, asararsu kaɗan ce.

Inda maganarki take da ƙarfi shi ne in aka ce a kwafo shi a kawo nan yadda yake. A watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 a Birnin Kebbi, faffaɗan ruwa marar zurfi a kan baƙin daɓe ai kaskon suya ne, kuma fesa ruwa sama yana ƙara saurin bushewarsa. Ki gwada da kanki, ki zuba ruwa a faranti ki sa alama ki ajiye a rana daga safe zuwa la'asar. Sannan ranar da famfo ya tsaya ruwan ya kwanta, kin buɗe wa sauro gidan haihuwa a tsakiyar unguwa. Don haka in wani ya zo da kwangilar yin irinsa a gari alhali famfon unguwa ba ya kawo ruwa, ni da ke za mu fara yin ƙorafi. Wanda mai walda na Jega zai yi da rabin duro da kuɗin aljihunsa kuwa, wannan bai fi jarka huɗu ba, ki bar shi ya yi.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni dattijo ne daga Kaura Namoda, jikana ya nuna min abin a waya. Shin waɗannan ba gumaka ba ne? Kuma mi ya kai Musulmi ga sha'awar wasan Turawa?

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Hukunci na malamai ne, su za a kai wa, ni abin da ido ya gani zan faɗa don in za a tambaye su a tambaye su daidai. Na Basel yawancinsu ba surar mutum ko dabba ba ne, wili ne da sanda da tiyo da bel, in ka cire ruwan za ka ɗauka bayan garejin bakanike ne. Guda ɗaya ne ke da fuska, wani kai da aka kwaikwayo daga adon tsohon gidan wasan da aka rushe. Ba mai yi musu bauta, ba mai kai musu roƙo, masu cin abincin rana ne da yara ke zama a gefe. Na Faris da zan yi bayani a ƙasa shi kam akwai surori sosai, wanda yake kaffa-kaffa da wannan ya sani tun kafin ya je.

Batun cewa wasan Turawa ne kuwa, Baba a nan zan ɗan yi gardama cikin ladabi. Wajen shekara ta 850 a Bagadaza akwai 'yan'uwa uku da ake kira Banu Musa, Muhammad da Ahmad da Hasan, a littafinsu Kitabul Hiyal an bayyana na'urori kusan ɗari, a ciki har da marmaro da ke canza siffar feshinsa da kansa, yanzu ya fita tsaye kamar mashi an jima ya buɗe kamar garkuwa, ba wuta ba batir, nauyin ruwa ne kawai da ma'auni. Bayansu aka yi Al-Jazari wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir aiki, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa a 1206 da na'urori hamsin, agogon ruwa mai siffar giwa, injunan ɗaga ruwa daga kogi zuwa gona, da na'urar da ke zuba wa sarki ruwan wanke hannu ta miƙo masa tawul. Wannan dabarar sanda da wili da na gaya wa mai walda tana cikin famfon da Al-Jazari ya zana, fiye da shekara 700 kafin a haifi Tinguely. Mu ma nan kafin injin fetur ya zo ai da jigo kakanninmu ke ban ruwa a fadama, sanda da nauyi a gindi da guga a baki, wanda in ka sa masa mota ka kai shi Basel ba wanda zai ce baƙo ne.

TAMBAYA: Kawu ni ɗaliba ce a Gusau. Na bincika sunan mutumin a intanet sai na ga wani daban mai kaloli, da jan leɓe ƙato yana tofa ruwa da wani tsuntsu mai kambi. Wanne ne na gaskiya, naka ko nasu?

AMSA: 'Yata duka biyun na gaskiya ne, kin faɗa kan na Faris ne babban birnin Faransa. Shi an buɗe shi a 1983 lokacin Jacques Chirac yana magajin garin, yana gefen cibiyar zane-zane da al'adu ta Pompidou, ana kiransa marmaron Stravinsky don tunawa da wani mai tsara kiɗa ɗan asalin Rasha da ya rasu a 1971. Guda 16 ne a ciki, kuma aikin mutum biyu ne, baƙaƙen ƙarafan na Tinguely, masu kalar nan kuma, leɓen da zuciyar da macijin da giwar da tsuntsun, na matarsa ne Niki de Saint Phalle, wadda ta rasu a 2002. Ita ba da ƙarfe ta yi nata ba, da wani abu marar nauyi ne irin wanda ake yin jikin ƙananan jiragen ruwa da shi, kuma akwai dalili, a ƙarƙashin filin akwai ɗakunan wata cibiyar binciken sauti, wato ruwan a kan rufin mutane yake zaune, dole komai ya zama sakayau. Shi ma ya taɓa lalacewa, injunan suka tsaya aka bar su haka, sai da aka kwashe su aka gyara aka mayar a 2023, kin ga ba mu kaɗai ne ke sakaci ba. Daga Basel zuwa Faris kusan awa uku ne a jirgin ƙasa mai gudu. Na Faris ya fi kyau a hoto, wannan ba musu, amma in kin tambaye ni na Basel ya fi ban dariya, don shi ba kwalliya ya yi ba, fama kawai yake.

TAMBAYA: Kawu in sallah ta kama mutum a wurin, zai iya alwala da ruwan? Ana sha? Daga wani direba a Yauri.

AMSA: Direba sha dai kar ka sha, na ce ruwa ɗaya ne ke zagaye cikin ƙarfe da giris, ga tattabaru na wanka a ciki. Kuma kar ka tuɓe takalmi ka shiga, ƙarafan nan ba su da birki. Amma ba za ka rasa ruwa ba, garin cike yake da ƙananan famfunan kan titi na dutse masu zuba dare da rana, kuma a Suwizalan irin waɗannan ruwan sha ne sai dai in ka ga an rubuta Kein Trinkwasser, ma'ana ba na sha ba ne. Ni gorar roba na cika a ɗaya daga cikinsu na koma gefe ƙarƙashin wata bishiya na yi alwalata, sai dai ka shirya, ko a watan Satumba ruwan nan sanyinsa har cikin haƙori.